Daga Karari zuwa Al-Shifa: Dimokuraɗiyya a gida, bindiga a waje

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai shayi a kasuwar Laffa da ke Kalakla, kudu da birnin Khartum, ya san 'yan uwanmu Hausawa ba sa rabo da gardamar siyasar duniya. Tambayar da ta fi tayar da jijiyar wuya ita ce: ƙasar da ke tinƙaho da zaɓe da 'yancin ɗan Adam a gidanta, yaya za a yi ta riƙa danne wasu a waje? Mu mazauna Sudan ba sai mun je nesa neman amsa ba, domin tarihin zuwan kakanninmu ma yana cikinta.

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 2 ga Satumba, 1898 sojojin Kitchener suka gwabza da mayaƙan Halifa Abdullahi a Karari, arewa da Omdurman. Kafin azahar an kashe Ansaru fiye da 10,000, alhali ɓangaren Ingila da Masar bai rasa ko mutum 50 ba. Bayan nan aka rushe hubbaren Mahadi, aka watsa ƙasusuwansa a kogin Nilu. A lokacin Ingila tana da majalisar da ake zaɓa. A 1899 ɗan majalisa John Morley ya miƙe ya yi tir da wannan aika-aika, amma masu rinjaye suka amince a ba Kitchener tukuicin fam 30,000.

Shekaru 5 bayan Karari, Turawan Lugga suka ci Sakkwato a Maris 1903, sannan suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci waɗanda suka tsira zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Babu ko mutum ɗaya daga Sakkwato ko Omdurman da ya jefa ƙuri'ar da ta kafa gwamnatin da ta yi musu haka.

Bayan shekaru 100 sai ga Amurka. Ranar 20 ga Agusta, 1998 Shugaba Bill Clinton ya sa aka harba makamai masu linzami kan masana'antar magunguna ta Al-Shifa da ke Bahri, bisa zargin tana haɗa makamai masu guba. Mai masana'antar, Salah Idris, ya musanta, kuma a 1999 Amurka ta sakar masa kuɗinsa da ta riƙe. Da ya nemi diyya, kotunan ƙasar suka ce wannan lamari ne na siyasa, ba hurumin alƙali ba.

'Yan kasuwa kuwa sun fi kowa sanin zafin takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba daga 1997 zuwa 2017. Bankunan waje suka guji Sudan, musamman bayan an ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 a 2014. Mai sayen kaya daga Jidda ko Dubai ya koma dogaro da 'yan canji, kuɗin aikawa ya ƙaru, kaya suka yi tsada. Gwamnatin Al-Bashir da aka ce ita ake hukuntawa ba ta faɗi ba sai a 2019, bayan jama'ar Sudan da kansu sun cika tituna.

To, akwai saɓani ko babu? Akwai, domin wanda ke cewa mutane daidai suke bai kamata daidaiton nasa ya tsaya a kan iyaka ba. Shugaba yana tsoron mai ƙuri'a ne kawai, mu kuwa ba mu da ita a can. Amma a faɗi gaskiya, tsarin ne ya ba Morley bakin magana, ya ba Salah Idris damar shiga kotu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda ya raba dubban mutanen Kalakla da gidajensu, ya kuma nuna cewa janar-janar na gida da masu ba su makamai daga waje, waɗanda ba a zaɓe su ba, ko wannan 'yar ƙofa ba sa bari.

Saboda haka ɗan kasuwa ya auna kowace ƙasa da abin da ta aikata a ƙofar gidansa, kamar yadda yake auna abokin ciniki da cika alkawari. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, amin.