Gobarar Da Ba Ta Mutuwa Don An Toshe Mata Iska

Ran Talata 4 ga Agusta, 2020, wajen ƙarfe shida saura na yamma, aka buga waya ofishin 'yan kwana-kwana na Bairut, babban birnin ƙasar Labanan, aka ce wuta ta kama a wani sito na tashar jiragen ruwa. Nan da nan mutum goma suka fita, tara masu kashe wuta da wata budurwa mai aikin jinya. Da isarsu suka tarar da ƙofar sito mai lamba 12 a garƙame, hayaƙi na fita, suka shiga ƙoƙarin ɓalle ta. Ba wanda ya gaya musu abin da ke jibge a ciki. Wajen ƙarfe shida da minti takwas siton ya tashi. A cikin su goman babu wanda ya koma gida. Mutum fiye da 200 suka rasu, kimanin 7,000 suka ji rauni, wajen 300,000 kuma suka rasa wurin kwana. Har a tsibirin Kubrus, can tsakiyar teku, an ji ƙarar.

Abin da aka tara a siton shi ne tan 2,750 na wani sinadari da ake kira amoniyam naitiret. Wani tsohon jirgi mai suna Rhosus ya ɗauko shi daga Jojiya zai kai Mozambik, ya tsaya Bairut a 2013, aka tsare shi saboda bashi da lalacewa. A 2014 aka sauke kayan cikin sito. Jami'an kwastan sun yi ta rubuta wa alƙalai takarda a kan a kwashe, amma kaya suka shekara shida a nan, har da kayan wasan wuta a gefensu.

Amoniyam naitiret fari ne, ƙwaya-ƙwaya, wanda bai sani ba sai ya ce gishiri ne ko sukari. Ana yin takin zamani da shi, masu fasa dutse kuma suna cuɗa shi da man gas su yi nakiya. Shi kansa ba ya kamawa kamar fetur ko kananzir. Halinsa daban ne, kuma nan hatsarin yake. Kowa ya san wuta ba ta ci sai da iska, shi ya sa in mai ya kama a kasko uwargida takan kifa murfi, in fitila ta faɗi a zuba ƙasa ko a rufa jiƙaƙƙen buhu. To, wannan sinadari da iskarsa yake tafe. In ya ji zafi sai ya narke, a wajen digiri 170, in zafin ya ƙaru ya shiga sakin iskar da wuta ke so, watau oksijin. Aikin da zugazugi ke yi wa garwashin maƙeri, shi yake yi wa duk abin da ke ci kusa da shi. In kuwa a kulle yake, ga zafi, ga shi ya gauraya da mai ko dusar katako ko gawayi, sai ya fashe gaba ɗaya.

Tun shekaru 73 kafin na Bairut aka ga wannan a Amurka, a wata tashar jiragen ruwa da ake kira Texas City. Ran 16 ga Afrilu, 1947, ana cikin loda wa wani jirgin Faransa mai suna Grandcamp wannan taki, an riga an zuba masa wajen tan 2,300 a buhunan takarda. Wajen ƙarfe takwas na safe leburori suka ga hayaƙi na tasowa daga cikin kayan. Kyaftin ya hana a kwarara ruwa, wai kada kayan mutane su lalace. Ya sa aka rufe ƙofofin ramin kaya, aka tura tururi a ciki don ya shaƙe wutar. Da auduga ce ko katako da dabarar ta yi. A kan wannan kaya kuwa, tamkar an rufe tukunya ne an ƙara mata itace. Murafan suka yi sama, wani hayaƙi mai launin ruwan goro ya turnuƙe. Kyawun hayaƙin ya jawo 'yan kallo, manya da yara, suka cika bakin ruwa suna ganin 'yan kwana-kwana na aiki.

Ƙarfe tara da minti goma sha biyu jirgin ya fashe. Garin yana da 'yan kwana-kwana 28, duk 'yan sa-kai, 27 suka mutu nan take tare da shugabansu, motocinsu kuma suka ƙone. Garin ya shiga cin wuta babu mai kashewa sai da aka kawo ɗauki daga maƙwabta. An tsinci ƙarfen tsai da jirgin mai nauyin kusan tan biyu ya yi tafiyar fiye da mil ɗaya da rabi. Cikin dare wani jirgin da ke kusa, High Flyer, shi ma ɗauke da irin kayan, ya tashi. Aƙalla mutum 581 suka hallaka.

Mai karatu zai zaci daga nan an ɗauki darasi. Ran 17 ga Afrilu, 2013, a wani ƙaramin gari mai suna West, a jihar Texas ɗin dai, wuta ta kama rumbun taki inda aka zuba sinadarin cikin akwatunan katako. Minti ashirin da 'yan kai bayan an kira 'yan kwana-kwana sai wajen tan 30 ya fashe, mutum 15 suka mutu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki. Hukumar da ta yi bincike ta gano ba a horar da su a kan irin wannan kaya ba. A Tianjin ta ƙasar Sin, ran 12 ga Agusta, 2015, mutum 173 suka salwanta, 104 daga ciki 'yan kwana-kwana ne. A wuraren nan duka jarumtaka ba ta yi ƙaranci ba. Labarin abin da ke cikin ɗaki ne bai kai ga masu tiyo ba, wannan kuwa laifin masu kaya ne da hukumomin da suka ba su izinin ajiya.

Ƙa'idar da ake koya wa masu kashe gobara a kan wannan sinadari gajeriya ce. In wutar tana kusa ne ba ta taɓa kayan ba, a yi mata ambaliyar ruwa, mai yawa ƙwarai, don a sanyaya wurin, a kuma buɗe ƙofofi zafi ya fita. Ba a rufe ta, ba a tura mata tururi, kumfa da garin kashe wuta na tulun nan ja ba sa aiki a kanta. In kuwa ta riga ta kama inda aka tara shi da yawa, babu sauran faɗa, sai a kafa tiyo ya yi ta feshi shi kaɗai, kowa ya janye. Littafin da masu kai ɗauki ke aiki da shi a Amurka ya ce in tanka ko taragon jirgin ƙasa mai ɗauke da shi ya kama, a kori jama'a mil ɗaya, watau mita 1,600, ta kowace fuska. Jan hayaƙin nan kuma guba ne, yakan ɓata huhu ko da mutum bai ji komai ba sai bayan sa'o'i.

Zancen ya shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi, domin da yawa a bakin irin wannan kaya suke neman abinci: 'yan dako a Apapa da Tin Can, direbobin tirela masu tasowa daga Fatakwal da Onne, da masu gadin sito a Ikeja da Badun. Ba kowane taki ne ke da wannan hali ba, yuriya alal misali ba ta cikin rukunin. Garin kulorin da ake tsabtace ruwa da shi kuwa yana ciki. Akwai alamar da duniya ta yarda da ita, wadda ko wanda bai yi boko ba zai gane: tambari ruwan ɗorawa mai kusurwa huɗu, da zanen harshen wuta a bisa da'ira, da lamba 5.1 a ƙasa. Buhu ko durom ko kwantena mai wannan tambari ba a ajiye shi kusa da mai ko katako, ba a shan taba ko hura gawayin shayi a gefensa.

Sau da yawa in gobara ta tashi da dare, mai gadi ne mutum na farko da motar kwana-kwana ke tararwa a bakin ƙofa, mai kaya yana gida yana barci. Abin da mai gadin nan ya faɗa a minti na farko shi ke nuna wa shugaban ayari ko ya shiga ko ya ja da mutanensa baya. Saboda haka yana da haƙƙin tambayar maigidansa abin da aka ba shi tsaro tun ranar da ya kama aiki. A jihar Ikko lambar kiran ɗauki ita ce 112 ko 767, mai bugawa kuma ya fara da faɗin irin kayan da tambarin da ya gani a jikinsu kafin ya kwatanta hanya.