Sana'ar Kyamara a Bakin Iyaka: So Daban, Jari Daban

Yau mun ɗan jingine maganar gero da shanu, za mu taɓa wata sana'a da samarinmu na Kongolam ke yawan zuwa neman shawara a kanta, wato sayen kyamara don a ci abinci da ita. Ka tambayi yaro dalili, sai ya ce, "Alhaji, wallahi ina son abin ne." To, madalla. Amma mai ba da jari ba so yake tambaya ba, yana tambayar yaushe uwar kuɗi za ta dawo.

Akwai wani mutum da ya kamata mai wannan niyya ya san labarinsa, Malick Sidibé na Bamako ta ƙasar Mali. Ɗan makiyaya ne, ya yi kiwo yana yaro, kuma ido ɗaya gare shi mai gani. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto ya kira shi ya yi wa shagon ado, daga nan ya zauna yaron shago. Sai a 1956 ya sayi 'yar kyamararsa ta fari, ƙirar Brownie. Ku lura da wannan, sai da ya yi barance kafin ya taɓa kuɗinsa. Da ya samu nasa shago, dare ya yi sai ya bi wuraren biki da na rawa yana ɗauka, ya komo ya wanke kafin gari ya waye, ya jera hotunan a bango ko cikin kwali, masu su su zo su zaɓa su biya. Sa'an nan da hoto mai kala ya shigo, manyan injuna suka kwashe aikin wanki, bai rufe shago ba, ya riƙe gyaran kyamarori yana cin abinci da shi. Duniya ba ta waiwaye shi ba sai da furfura ta fito: a 2007 aka ba shi babbar lambar girma a birnin Venice na Italiya, ya rasu a 2016. Mu dai abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a labarin nan ba lambar ba ce, gyaran nan ne.

Don kuwa kyamara haja ce mai saurin tsufa, ba kamar buhun wake ba da za ka ajiye ka jira bazara. Kamfanin Kodak, wanda dattawanmu suka san kwalinsa mai ruwan ɗorawa, a cikin gidansa ma'aikacinsa ya haɗa kyamarar da ba ta cin fim tun 1975. Suka ji tsoron kada ta kashe musu cinikin fim, suka yi ta jan ƙafa, har a 2012 kamfanin ya je kotu ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. In babban gida irin wannan ya yi tuntuɓe, ina ga mai rumfa ɗaya a bakin tasha?

Sai mu dawo gida. Wanda ke Kongolam yana da abin da na Daura ba shi da shi, yana kuma da ciwon kan da na Daura bai sani ba. Hanyar nan da ta taso daga Daura ta ratsa mu ta nufi Matamaye da Damagaram ita ce kasuwarsa: direba, ɗan kamasho, fatake, masu zuwa cin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, kowa wata rana zai nemi hoton fasfo don takarda. Ko waɗanda ke ƙyamar hoto saboda maganar malamai, in aikin Hajji ya taso ko katin shaida, sai sun zauna gaban kyamara. Amma fa cinikin kuɗi biyu ne, naira da sefa. Waɗanda suka ga 1986, da naira ta fara zubewa, da kuma 1994 da aka raba darajar sefa biyu, sun san yadda mutum kan sayar da haja da riba ya koma sari ya tarar kuɗin ba su kai ba. Takardar hoto, tawada, batir, duk daga waje suke, duk canji ke yanka musu farashi. Ga rufe iyaka: an rufe a watan Agusta 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ran da mota ba ta ƙetara ba, mai hoto ma hamma yake.

Wayar hannu kuwa ta riga ta cinye ƙaramin aiki. Dillali yanzu da kansa yake ɗaukar bijimi a kara ya tura wa mai saye a Ikko ta WhatsApp, a yi ciniki ba a ga juna ba. Abin da ya rage wa mai kyamara shi ne wanda waya ba ta iyawa da kyau: fasfo na nan take, bikin aure da suna, hawan Sallah da na Gani a Daura, buga hoto a sa a firam, da kuma ɗaura kyamarar tsaro a shaguna da rumbunan ajiya, wadda manyan 'yan kasuwa suka fara nema.

Saboda haka in ɗanka ko yaron shagonka ya zo da wannan magana, shawararmu kada ka hana shi, kada kuma ka ƙirga masa kuɗi ranar. Tura shi wajen mai shago a Daura ko Kano ya yi wata shida yana riƙe fitila da share ƙura. In ya dawo yana nan kan bakansa, a saya masa ta hannu mai lafiya, a je da wanda ya san ta ya duba idonta da batirinta kafin a biya, a bar kaso mai kauri na jarin don firinta da sola, tun da wutarmu kun san halinta. A rubuta sharaɗin raba riba gaban shaidu biyu, ko da ɗan cikinka ne. A kuma saya masa jaka mai rufi sosai, don ƙurar hunturun nan ta bakin iyaka in ta shiga cikin kyamara, gyaranta sai an kai Kano.