Ƙuraje a jikin jariri: Matakin da ya dace mai reno ta ɗauka

A Gomari da ke Maiduguri, wasu iyaye mata kan bar jariransu a gidan mai reno idan za su tafi aiki. Idan ƙuraje suka feso wa jariri a can, wajibi ne a ware shi daga sauran yara, a kira mahaifiyarsa, kada a shafa masa magani.

Ƙurajen zafi kan lafa idan an rage tufafi. Waɗanda suka faro daga fuska tare da zazzaɓi, tari da jan ido kuwa, suna iya zama ƙyanda, wadda ake yi wa rigakafi a wata 9 da wata 15.

Idan jaririn ya ƙi nono ko numfashinsa ya yi sauri, a garzaya da shi asibiti nan take.