Maɓallin SAT a motocin Amurka: rediyon da ba ya kamawa a nan

Duk wanda ya saba da cinikin motocin hannu da ake kira ƴan Kwatano, musamman waɗanda suka fito daga Amurka, ya taɓa ganin wani maɓalli a jikin rediyon motar an rubuta SAT ko XM ko SIRIUS, sa'an nan a bisa rufin akwai wani ɗan ƙaho. Wasu dillalai kan ce wa mai saye wai rediyon tauraron ɗan adam ne, yana kamawa ko a tsakiyar Tenere. Maganar tana da daɗin ji ga ɗan kasuwar da ke yini bisa hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram, ko daga Ƙonni zuwa Tawa, domin kowa ya san tashar FM tana yin ƴan kilomitoci daga gari sai ta koma shuuu. To amma wannan maɓalli ba ya aiki a Afirka, kuma bai kamata a ƙara masa ko dala ba a cikin kuɗin mota.

Kamfanin XM ya soma watsa shirye-shiryensa a Amurka cikin watan Satumba na 2001, Sirius ya biyo baya a 2002, suka haɗe a 2008. Mai mota yana biyan kuɗin wata-wata, a farko kusan dalar Amurka 10 a wurin XM, ya samu tashoshi wajen 100, ya yi tafiyar kwanaki bai sauya tasha ba. Sai dai taurarin nasu Arewacin Amurka kawai suke haskawa. Ko a can ma, dogon bene ko gada na iya tare saƙon, shi ya sa suka kafa na'urorin ƙara ƙarfi a cikin manyan birane.

A waɗannan shekaru ne wasu matasa masu sha'awar ƙere-ƙere a can suka shiga haɗa wa motocinsu kwamfuta da hannunsu. Sukan sayi ƙaramin allon kwamfuta na kamfanin VIA, mai santimita 17 a kowane gefe, su ɓoye shi a but ko ƙarƙashin kujera, su kafa ɗan gilashin taɓawa a gaban direba. Babbar wahalarsu ita ce wuta: in an murɗa makulli ƙarfin batir yakan faɗi na ɗan lokaci, kwamfutar ta mutu, sai da aka ƙero musu na'urar daidaita wuta ta musamman. Taswira da waƙoƙi sun samu, labarai da wasan ƙwallo kai tsaye ne suka rage. A 2003 XM ya fito da wani ɗan akwati mai suna XM PCR da ake jona wa kwamfuta ta USB, suka yi ta saye, suna manna eriya mai maganaɗisu a rufin mota. Abin bai daɗe ba. A 2004 wani ɗan Kanada ya rubuta manhajar TimeTrax wadda ke naɗe waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, kamfanin ya dakatar da sayar da akwatin, masu haɗe-haɗen suka koma neman dabara da wasu akwatunan.

Mu ma a Afirka an taɓa yi mana namu. Noah Samara, haifaffen Habasha, ya kafa kamfanin WorldSpace, aka harba tauraronsa AfriStar a watan Oktoba na 1998, ya soma aiki a 1999. Kamfanonin Hitachi, JVC, Panasonic da Sanyo ne suka ƙera akwatunan farko. Sautin garau yake kamar na faifai, amma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka, wanda da kuɗi kaɗan zai sayi rediyo mai gajeren zango ya ji sashen Hausa na BBC ko na Jamus. Eriyar kuma dole ta fuskanci sama ba abin da ya tare ta, abin da ya fi dacewa da tsakar gida, ba motar da ke tsalle a ramuka ba. A ganina nan ne suka yi kuskure: sun kawo sauti mai kyau ga mutanen da labari ne damuwarsu. Kamfanin ya durƙushe a watan Oktoba na 2008, shirye-shiryen suka tsaya daga baya. Wanda aka tallata wa tsohon akwatin WorldSpace a yau, ƙarfe kawai zai saya.

Yanzu wayar hannu da rediyon mota mai Android sun ɗauke aikin waccan kwamfutar ta but, sai dai sauraro kai tsaye ta intanet yana ƙarewa ne inda layin waya ya ƙare. Matafiyi ya sauke shirye-shiryensa a katin memori tun yana gari, ya kuma riƙe ƙaramin rediyonsa mai gajeren zango.

Akwai kuma abin da ya kamata mai sayen motar Amurka ya duba kafin ya biya. Rediyon FM na can yana tsallake lambobi ne bibbiyu, 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, don haka tashar da ke kan 100.0 ko 94.4 ba zai zauna a kanta daidai ba. A kunna shi a gaban dillali, a nemi tashar garinku, in ta fito da ƙara a sa kuɗin sauya rediyo cikin ragi.