Sola a Inkil: Wa Zai Gyara Idan Ta Lalace?

Inkil tana bakin garin Bauchi ne a kan hanyar Gombe, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Wutar kamfanin JED, mai rarraba lantarki a Bauchi, Gombe, Filato da Binuwai, ba ta wadatar da irin waɗannan unguwanni, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai mai hali. Shi ya sa farantin sola yake ta hawa rufin shagunan cajin waya, masallatai da rijiyoyin burtsatse, matasa kuma suka fara hango abinci a ciki.

Sai dai yawancinsu ɗaurawa kawai suke hange, alhali ɗaurawa aikin yini ɗaya ne ko biyu, kulawa kuwa aikin shekaru ce. Faranti mai kyau yakan haura shekara 20 yana aiki, amma batir mai ruwa ba ya kai ko kusa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ƙurar hunturu tana lulluɓe faranti ta rage masa ƙarfi, inbata kuma tana ƙonewa idan aka ɗora mata firji da famfo fiye da kima. Ƙauyukanmu cike suke da fitilun titi na sola da suka mutu da rijiyoyin burtsatsen da suka daina ba da ruwa. Sau da yawa abin da ya lalace bai wuce waya ko fis ba, amma ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kuma babu mai na'urar awo a kusa. A ganina, a nan sana'ar take: mai gyara da ke zaune cikin jama'a, wanda aka san gidan ubansa.

Za a ce mutumin karkara ba shi da kuɗin biyan mai gyara. Ai tuni yake biya: manomin rani yana sayen fetur don injin ban ruwa, magidanci yana biyan cajin waya da batirin tocila, uwargida tana sayen gawayi. Kuɗin nan ne za su sauya hannu. Za a kuma ce aikin wayar da kai kan rage ƙona itace da gawayi na ƙungiyoyi ne, da tallafi ya ƙare shi ke nan. Wannan gaskiya ne ga taron otal da rabon riguna. Amma matar da ta iya gina murhu mai cin itace kaɗan, take shiga gidajen da namiji ba ya shiga tana gwada wa matan aure yadda hayaƙi ke raguwa, kaya take sayarwa, ba ta jiran kowa.

Haka batun itatuwa. Bauchi tana cikin jihohi 11 da ke shirin Babbar Koriyar Ganuwa na tare hamada, kuma kowace damina ana bikin dashe. Wahalar tana rani, lokacin da dashen ke buƙatar ban ruwa da shinge saboda awaki. Mai rainon itace ya cancanci albashi kamar malamin daji, kuma a biya shi bisa yawan itatuwan da suka rayu.

Wurin koyo ba shi da nisa. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tana da tashar sola a harabarta ta Gubi, wadda Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta gina, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta Tatari Ali. Abin da ya kamata su buɗe shi ne gajeren kwas na gyara ga wanda ya gama sakandare, mace ko namiji. Gwamnatin jiha kuma, wadda dokar lantarki ta 2023 ta ba ta ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarta, ta daina sa hannu a kan kwangilar sola da ba a rubuta kuɗin kulawa da sunan mai gyara na yankin a ciki ba.