Maiduguri: Birnin Alarammomi Da Ya Koyi Kame Baki

Kusan shekara dubu ke nan da Musulunci ya shiga gidan sarautar Kanem, tun zamanin Mai Umme Jilmi, kuma har gobe almajirin Kano ko Katsina da ke son tilawa ta zauna masa, gabas yake nufa. Duk da haka, an yi lokacin da magidanci a Maiduguri zai idar da sallah cikin jam'i, ya ɗauki takalminsa ya wuce, bai yarda maƙwabcinsa ya ji ra'ayinsa kan wa'azin da aka yi ba.

Abin ya faro ne bayan rikicin Yulin 2009, lokacin da aka rushe Markazin Muhammad Yusuf da ke unguwar Railway, shi kuma ya mutu a hannun 'yan sanda. Da mabiyansa suka sake ɓullowa a 2010, malaman da suka ƙalubalance su na cikin waɗanda suka fara farauta. An harbe Malam Bashir Kashara a Oktoban 2010, aka bi da Ustaz Ibrahim Gomari a Maris 2011. Tsakanin kisan biyu, a jajibirin Kirsimeti, coci-coci aka kai wa hari. Sunan ƙungiyar kansa ya zama abin kewayewa, domin ba ka san wanda ke zaune kusa da kai a majalisa ba.

Gaba kura, baya sayaki. A shingen sojoji, gemu da ɗangalallen wando sun isa su jawo wa mutum tuhuma, har wasu suka aske abin da suka ɗauka sunna ce. Kiristan da ke sayayya a Kasuwar Monday shi ma ya koyi taƙaita zance.

Mu a Abuja mun san wani nau'in wannan shiru: a buɗe taro da addu'ar Musulmi, a rufe da ta Kirista, sannan kowa ya kiyaye harshensa saboda zaman ofis. Namu ladabi ne, wani lokacin ma lissafin ƙarin girma. Nasu na tsira da rai ne, kuma bai kamata ma'aikacin da aka tura Borno ya ɗauke shi a matsayin rashin sakin jiki ba.

Tun da matasan Kato da Gora suka tashi a 2013, birnin ya fara numfasawa, tafsirin azumi na cika a Masallacin Indimi. Sai dai yaron da yake ɗan shekara goma a 2011, wanda aka yi ta ja wa kunne kada ya yi zancen addini da baƙo, yau shi ne matashin da zai karɓi takardarka a sakatariya.