Ruwan lagireto: ƙari, gauraye da maganganun gareji

Injin mota da wuta yake aiki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da ke ƙonewa a cikinsa ruwa ne ke kwashe shi, ya bi da shi ta ramukan jikin inji zuwa lagireto, iska ta huce shi, ya sake komawa. Ruwan da masu ƙera motoci suka tanada domin wannan aiki shi ake kira kulant. Haɗi ne na tataccen ruwa, da wani sinadari mai ɗan kauri da ake kira etilin gilaikol, da magungunan hana tsatsa waɗanda ba su kai kashi goma cikin ɗari ba, sai ɗan rini da ke ba shi launi.

Maganar da ta fi yawo a gareji ita ce kulant na ƙasashen ƙanƙara ne, motar da ke Kano ko Yamai ruwa ya ishe ta. Akwai gaskiya a ciki. Ruwa zalla ya fi kowane haɗi iya ɗaukar zafi, kuma an fara zuba gilaikol ne don kada ruwa ya daskare ya fasa inji. Haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, abin da ko a tsakiyar hunturu ba a gani a ƙasar Hausa. Sai dai hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, haɗin rabi da rabi kuwa sai wajen 108, idan kuma murfin lagireto yana riƙe matsi yadda ya kamata yakan kai kusan 129. A watan Afrilu, rana ta take, mota ta maƙale a cunkoso da kaya a bayanta, wannan rata tana da amfani.

Babban aikinsa a ƙasar zafi shi ne hana tsatsa. Inji ba ƙarfe ɗaya ba ne: akwai baƙin ƙarfe, akwai alminiyom, a tsofaffin motoci akwai tagulla da dalma. Ƙarafa daban-daban idan suka zauna cikin ruwan zafi ɗaya, sai su riƙa cin juna a hankali. Ana ganin sakamakon ranar da bakanike ya zare tiyon ƙasa: ruwa ya zubo ja kamar na kududdufi, fuka-fukan famfon ruwa sun cinye, bakin da tiyo ke zama ya yi ramuka kamar gara ta bi ta kansa. Lagireton tagulla na irin su Peugeot 504 yakan jure wannan, ana kuma kwance shi a sosa hanyoyinsa a mayar. Na motocin yanzu alminiyom ne da roba, hanyoyinsa sirara, idan ya toshe galibi sai dai canji.

Shi kansa ruwan ba duka ɗaya ba ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, kuma duk wanda ya leƙa cikin butar mai shayi ya ga farin ɓawon da suke bari. Irin ɓawon nan yake mannewa a cikin inji, ya shiga tsakanin ƙarfe da ruwa, zafi ya kasa fita. Ruwan leda ma tsabtarsa ta sha ce, gishirin yana nan. Wanda ya dace shi ne ruwan da aka tara daga tururi ko aka cire wa gishiri da na'ura, irin wanda ake ƙara wa batir. A nan sai an kula, domin a shagon batir akwai kuma mai asid, shi ma fari tas kamar ruwa.

Magana ta biyu ta launi ce: wai kore da kore, ja da ja, shi ke nan. Launi rini ne kawai, babu wata doka ta duniya da ta ɗaure kamfanoni a kansa. Abin da ya raba kulant da kulant shi ne irin maganin tsatsar da ke ciki. Tsohon nau'i, wanda ake rubuta wa IAT, yana amfani da silikat da fosfet, suna shafe ƙarfe da sauri amma suna ƙarewa cikin kamar shekara biyu. A tsakiyar shekarun 1990 aka shigo da nau'in OAT, wanda Dex-Cool na kamfanin General Motors ya yi suna a cikinsa, mai kaiwa shekara biyar. Akwai kuma HOAT, wanda ya ɗauko daga kowanne. Kamfanonin Japan sun fi son fosfet, suna gudun silikat; na Turai suna gudun fosfet, saboda yana haɗuwa da gishirin ruwansu ya yi ɓawo. A launi kuwa, na Toyota ja ne ko ruwan hoda, na Honda shuɗi, Volkswagen kuma yana da G11 da G12 da G13 kowanne da launinsa. Shuɗin Honda da shuɗin G11 ba abu ɗaya ba ne. Ga kuma jabu: ana samun jarkokin da ba komai a ciki sai ruwa da rini. Littafin mota da rubutun jikin jarka su ne abin dubawa.

Game da gauraya iri biyu, mutane sun kasu gida biyu, kowane gida kuma ya wuce gona da iri. Wasu sun ce da zarar an haɗa sai ya daskare kamar kamu ya kashe inji nan take. Wasu sun ce duk ruwa ne, a zuba kawai. Kofi ɗaya na wani iri a cikin lita shida ko bakwai ba zai tsayar da mota a hanya ba. Ɓarnar a ɓoye take: magungunan biyu suna raunana juna, kulant ɗin da aka yi don shekara biyar ya zama na shekara biyu ko ƙasa da haka. Laka kuma gaskiya ce, takan fito idan an haɗa da yawa, musamman a inji mai tsatsa ko wanda iska ke shiga; Volkswagen da kansa ya hana haɗa G11 da G12 na farko. Iri ɗaya daga kamfanoni biyu, muddin lambar ƙa'idar da ke jikinsu ta zo ɗaya, ba laifi a haɗa su. Motar da aka sayo ta hannu, ba a san abin da ke cikinta ba, hanya mafi aminci ita ce a zubar da tsohon gaba ɗaya, a ɗauraye da tataccen ruwa, a zuba iri ɗaya. Garin sabulun wanki ba abin ɗauraye lagireto ba ne, yana kumfa kuma yana cin alminiyom.

Wasu kuma gani suke idan aka zuba kulant tsantsa ba ruwa, ya fi ƙarfi. Akasin haka ne. Gilaikol zalla bai fi ɗan sama da rabin zafin da ruwa ke ɗauka yake iya ɗauka ba, ga kauri, don haka inji ya fi yin zafi da shi. Ana sayar da iri biyu: mai kauri da ake sirkawa, galibi rabi da rabi, da wanda aka riga aka sirka. Na biyun idan aka ƙara masa ruwa an tsinke shi.

Direbobi da yawa sun ɗauki ƙarin ruwa kowace safiya kamar duba taya. Hanyar ruwan mota rufaffiya ce, lafiyayyar mota takan yi watanni ruwanta bai sauka a zo a gani ba. Wadda ke neman ƙari kullum yoyo take, ko ta tiyo, ko famfon ruwa, ko lagireto, ko kuma murfin ne robarsa ta mutu ya daina riƙe matsi, shi ne kuma mafi arha a cikinsu. Idan ba a ga ɗigo a ƙasa ba, ga farin hayaƙi a salansa bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara, ko kumfa na tasowa a tankin ruwa, to galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. Fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto yakan toshe ƙaramar huda na ɗan lokaci, ya kuma toshe hanyoyin da ba su da laifi. Haka cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin ruwan inji, da ake yawan yi wa motocin Kwatano da sunan ƙasarmu da zafi: inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ainihin abin da ke sa shi tafasa kuma yana nan.

Ana ƙari ne inji yana sanyi, mota a wuri miƙaƙƙe, a tsaya tsakanin layin ƙasa da na sama da ke jikin farin tankin roba. Filin da ya rage na kumburin ruwa ne idan ya yi zafi. Buɗe murfi inji na zafi shi ne babban haɗari, domin ruwan da ya wuce digiri 100 matsi ne kaɗai ya hana shi tafasa, ana sassauta murfin yake tsartuwa a fuska da hannu. Kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya tafasa kuma yana iya tsaga kan injin. A tsakiyar daji, idan babu komai sai ruwan sha, a jira inji ya huce a zuba. Gara ruwa da tafiya a bushe. In an isa gari sai a gyara yoyon a mayar da haɗin daidai.

Etilin gilaikol guba ne, ga shi da zaƙi, kuma kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙoda. Ragowar da aka juye a gorar lemo, da launinsa mai ɗaukar ido, yaro ba zai bambanta shi da abin sha ba, wanda aka malalar a ƙasa kuma awaki da kyanwa suna lasa. Ana ajiye shi a jarkarsa ta asali a rufe, tsohon a tara shi nesa da rijiya da magudanar ruwa. Wanda ya sha, ko da bai nuna alamar komai ba, a garzaya da shi asibiti tare da jarkar, domin maganinsa ya fi aiki a sa'o'in farko.